Yadda Ake Gano Asalin Tsohuwar Kwandala Mai Hoton Abin Bautar Hindu

Duk wanda tsohon kuɗin ƙarfe ya shigo hannunsa, ya ga hoton mutum mai hannu huɗu, ko biri ɗauke da dutse, ko mace zaune bisa fure, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne, ai kuɗin Indiya ne. Yawanci ya yi daidai, sai dai maganar ba ta kai shi ko'ina ba. An fi shekara dubu biyu ana buga irin waɗannan hotuna a jikin kuɗi, daga Afganistan zuwa Nepal, daga Kashmir zuwa Siri Lanka, kuma masarautun da suka buga su sun fi gaban a ƙirga a zama ɗaya. Wasu sarakunan Hindu ne, wasu Musulmi ne, wasu ma kamfanonin Turawa ne. Ga kuma tulin ƙarafa masu kama da kuɗi waɗanda ba a taɓa sayen ko gishiri da su ba.

Saboda haka hoton ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Aikinsa ya rage maka wuraren nema. Rubutu da shekara da nauyi su ne shaidun da za su gaskata shi ko su ƙaryata shi, kuma bi da bi ake sauraronsu.

Mataki na farko: kada ka wanke ta, ka auna ta

Babu abin da ke lalata tsofaffin kuɗi kamar son a ga sun yi ƙyalli. Mutum zai samo lemun tsami da toka, ko tsamiya, ko ruwan batir, ya dirje kwandala har ta yi fes, bai san ya kankare rabin darajarta ba. Duhun nan da ya hau jan ƙarfe, da baƙi-baƙin da ya kwanta a lungunan azurfa, su ne shaidar shekarunta, kuma masana su suke fara dubawa. In ƙasa ce ta toshe rubutun, jiƙa ta a ruwa mai tsabta, ka kakkaɓe a hankali da tsinken sakace ko burushi mai laushi, ka bar ta ta bushe sarai. Iyakar wankan ke nan.

Daga nan ka nemi sikeli irin na masu sayar da gwal, wanda ke nuna gram har da ɗigonsa, da rula mai milimita, da mayen ƙarfe, da gilashin ƙara girma. Kyamarar waya ma tana yin wannan aikin na ƙarshe. Rubuta nauyi da faɗi da kauri da launi a takarda. Kara mata mayen ƙarfe: zinari da azurfa da jan ƙarfe da tagulla duk ba sa kamuwa, don haka in ta manne, to ta zamani ce ko jabu. Ɗauki hoton fuskokinta biyu da gefenta da rana, kusa da taga, haske yana zuwa ta gefe guda, domin rubutun da ya sha hannu ya yi inuwa ya fito.

Ka kuma tambayi manyan gida ta ina ta shigo. Sojojin Najeriya da na Gana da suka yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945 ta Indiya suka bi. Alhazai suna cuɗanya da Indiyawa a kasuwannin Makka da Jidda, ɗalibai da masu zuwa neman lafiya suna dawowa da tsaraba, mata masu sayen gwal a Dubai kuwa suna haɗuwa da sarƙoƙin Indiyawa masu jerin kwandaloli. Hanyar da abu ya biyo ba ta faɗin inda aka buga shi, amma tana nuna irin abin da ya fi yiwuwa ya kasance.

Mataki na biyu: kama da wane ba wane ba ne

A nan mafi yawan bincike yake ƙarewa, shi ya sa zan daɗe a kai. Akasarin ƙarafan masu hoton ababen bautar Hindu da ke yawo a hannun jama'a ba kuɗi ba ne ko kaɗan.

Akwai waɗanda ake kira ramatanka, ƙarafan ibada da ake sayar wa masu ziyara a bakin wuraren bauta. Siffarsu sananniya ce. A fuska ɗaya Rama da matarsa Sita suna zaune a karaga ƙarƙashin laima, 'yan'uwansa tsaye a gefe, Hanuman mai siffar biri durƙushe a ƙasa. A ɗaya fuskar Rama da ƙanensa Lakshmana suna tsaye da bakansu. Galibi tagulla ne, wasu an shafa musu ruwan azurfa, kuma yawancinsu aikin ƙarni na 19 da na 20 ne. Za ka iya ganin shekara irin 1740 a jiki, amma ado ce, ba lokacin bugu ba. Babu sunan sarki, babu ƙima. A ɗakin ibada na gida ake ajiye su don neman albarka. Musulmin Indiya ma suna da nasu irin, masu kalmar shahada da sunayen halifofi huɗu.

Sai waɗanda suka fi ɓata mini rai, masu rubutun EAST INDIA COMPANY da HALF ANNA ko ONE ANNA (anna ƙaramin kuɗin Indiya ne na dā), da shekara 1616, 1717, 1818 ko 1839, wasu har da haruffan UK ko UKL, a bayansu kuma hoton Hanuman ko Rama ko Shiva. Wannan kamfani na Turawan Ingila da ya yi kasuwanci da mulki a Indiya bai taɓa buga ko ɗaya daga cikinsu ba. A 1600 aka kafa shi, kuma a 1616 ko gidan buga kuɗi ba shi da shi a Indiya, domin sansaninsa na Madras ma sai wajen 1640 aka gina. Rabin anna na gaskiya da ya fitar a 1835 jan ƙarfe ne mai nauyin kusan gram 13. Fuskarsa tambarin kamfani ne, zakuna biyu riƙe da garkuwa, bayansa kuma ƙima ce cikin zoben ganye. Ba wani abin bauta a jiki. Waɗannan na bogi buhu-buhu ake ƙera su, a tsoma a sinadari su yi duhu kamar sun tsufa. A kansu ne 'yan damfara suka gina labarin kwandalar da ke jan ƙwayar shinkafa, wai akwai wani ƙarfe mai tsadar gaske a cikinta da masu binciken sararin samaniya ke nema ruwa a jallo. 'Yan sandan Indiya sun sha kama masu wannan sana'a bayan sun raba mutane da dukiya mai yawa. Duk wanda ya zo maka da wannan zance, a waya ne ko a WhatsApp, ka san inda ya dosa.

Kashi na uku su ne azurfa da zinarin kyauta da Indiyawa ke saye gab da bikin Diwali: Lakshmi da Ganesha mai kan giwa zaune kafaɗa da kafaɗa, da lamba 999 ko nauyin gram a rubuce. Sababbi ne, darajarsu ta ƙarfen da ke jikinsu ce. Haka ma ƙananan kwandalolin Lakshmi da ake jerawa a sarƙar amare a kudancin Indiya.

To yaya za ka rarrabe? Kuɗin gaske yana ɗauke da sunan mai mulki ko laƙabinsa ko alamar masarautarsa, kuma nauyinsa yana bin wani sanannen ma'auni. Hotonsa a taƙaice yake, mutum ɗaya ko biyu ko uku, ko alama guda. In ka ga an cika fuska biyu da jama'a, kowa da abin da yake yi, ka fara zargi. Gaskiya ne Sarki Akbar na daular Mughal ya buga kuɗi mai hoton Rama da Sita wajen 1604 zuwa 1605, amma waɗanda aka sani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kada ka sa rai taka tana cikinsu.

Mataki na uku: wane ne a hoton?

Ba da fuska ake gane su ba, domin a jikin ƙaramar kwandala fuska ɗigo ce kawai. Abin da ke hannu ake dubawa, da dabbar da ke kusa.

Shiva yana riƙe da mashi mai baki uku, wani lokaci da ɗan ganga mai siririn ƙugu kamar kalangu, dabbarsa kuwa bijimi mai tozo da ake kira Nandi. A kuɗin kudu za ka gan shi zaune da matarsa Parvati a gefe, hannu ɗaya da mashin, ɗaya da 'yar barewa. Sau da yawa ma ba a zana shi, sai a sa alamarsa kawai: mashin, ko bijimin, ko linga, wato guntun dutse mai zagayen kai bisa gindi mai faɗi.

Vishnu hannu huɗu gare shi, da faifan yaƙi mai kaifi, da ƙaton ƙoƙon katantanwar teku, da kulki, da fure. Tsuntsunsa Garuda, rabi mutum rabi gaggafa. Mabiyansa sun yi imani ya sauko duniya a siffofi daban-daban, kuma kowace tana fitowa a kuɗi: Varaha mai kan aladen daji, Narasimha mai kan zaki, Rama mai baka, Krishna mai sarewa ko yaro riƙe da curin man shanu.

Mace zaune bisa furen bado, da fure a hannu, Lakshmi ce, wadda suke dangantawa da arziki, shi ya sa ta fi kowa yawa a jikin kuɗi. Zaki yana nuni ga Durga. Saurayi mai mashi tare da ɗawisu ko zakara Kartikeya ne. Biri mai doguwar wutsiya da ta lanƙwaso ta bisa kansa, ɗauke da dutse ko kulki, Hanuman ne.

Akwai tarkuna a nan. Zakunan nan uku da ke jikin kuɗin Indiya tun 1950 daga ginshiƙin Sarki Ashoka aka ɗauko su, asalinsu na addinin Buddha ne, kuma tambarin ƙasa ne. Garuda shi ne tambarin Tailan, ƙasar mabiya Buddha, shi ne kuma tambarin Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, don haka Garuda a kan kwandalar da inji ya buga yana iya kai ka can, ba Indiya ba. Sannan akwai wani mutum tsaye mai warwatsattsun gaɓoɓi a kuɗin jan ƙarfe na Sarki Rajaraja na daular Chola, wanda ya yi mulki daga 985 zuwa 1014, da na sarakunan Siri Lanka da suka kwaikwaye shi. Mutane da yawa suna cewa Hanuman ne, alhali hoton sarki ne.

Mataki na huɗu: wane irin rubutu ne?

Ba sai ka iya karantawa ba, ka dai gane dangin rubutun. In haruffa suna rataye a jikin layi da ke samansu, Nagari ne, rubutun arewaci da yammacin Indiya da Nepal, ko da yake daulolin kudu irin Chola da Vijayanagara ma sun yi amfani da shi. Haddace kalma ɗaya, श्री, ana karanta ta Shri. Kusan kowane sunan sarki da ita yake farawa, don haka inda ka gan ta nan ne bakin zaren. In akwai layin saman amma haruffan masu kusurwa ne da tsini, rubutun Bangal da Assam ne, ka nufi arewa maso gabas. Haruffa masu zagaye da ɗan ƙugiya a ka Telugu ne ko Kannada, masu zagaye ba ƙugiya Malayalam ne na yankin Kerala, Tamil kuwa ya fi su miƙaƙƙun layuka. Haruffan Girkawa tare da hoton Shiva suna mayar da kai ƙarni na biyu da na uku.

Inda mai karatun allo ya fi Bature samun sauƙi shi ne rubutun Farisanci, tunda haruffan Larabci ne. Masarautun Hindu da dama sun ci gaba da buga rupi da sunan Sarkin Mughal Shah Alam na biyu, wanda ya rasu a 1806, har bayan mutuwarsa, sai su cusa 'yar alamarsu a tsakanin kalmomi: mashi mai baki uku, ko fuskar rana, ko ganye. Nemi kalmar ضرب, sunan garin da aka buga kuɗin yana tare da ita. Nemi جلوس, lambar da ke kusa shekarar sarauta ce. Manhajojin fassara na waya ba sa taɓuka komai a kan gogaggen ƙarfe. Gara ka kwafi haruffan da hannu a takarda, ɗaya bayan ɗaya, yadda ka gan su.

Mataki na biyar: shekarar wa ake ƙirgawa?

Ga lambobin Nagari daga sifiri zuwa tara: ० १ २ ३ ४ ५ ६ ७ ८ ९. Ka lura, ɗayansu yana kama da taranmu, huɗunsu yana kama da takwas, bakwai ɗinsu yana kama da shida. A rubutun Bangal ma huɗu kamar takwas take, bakwai kuma kamar tara.

Bayan ka karanta lambar, saura ka san kalandar. Ta Vikrama tana gaban miladiyya da kusan shekara 57, sai ka ɗebe. Ta Saka tana baya da 78, sai ka ƙara. Ta Nepal ta dā, wadda sarakunan Malla suka yi amfani da ita, ƙara 880. Ta Malayalam, ta masarautar Travancore, ƙara 825. In kuwa lambobin Larabci ne a cikin rubutun Farisanci, yawanci hijiriyya ce.

Ga misali da ke ruɗa mutane. Kwandalar jan ƙarfe ce, Hanuman a fuskarta, an rubuta १९४७ a jiki. Wanda ya iya lambobin zai yi murna ya ce 1947, shekarar da Indiya ta sami 'yanci. A'a. Ɗebe 57, ka sami 1890. Paisa ce ta masarautar Ratlam a tsakiyar Indiya, zamanin Ranjit Singh, ɗaya daga cikin kuɗin gaske 'yan kaɗan masu hoton Hanuman da mutum zai iya tsinta cikin sauƙi. Haka kuma २०३० a kuɗin Nepal 1973 ce, zamanin Sarki Birendra, 1116 a kuɗin Travancore kuwa wajen 1941 ce. In ka rasa wadda za ka ɗauka, gwada duka, ka ga wace ta dace da rubutun da kuma yadda aka ƙera kuɗin. Kwandala mai zagaye cif da gefe sumul aikin inji ce, ba za ta zama ta ƙarni na 12 ba.

Kuɗin da suka girmi ƙarni na 15 kuwa akasarinsu ba su da shekara. Sunan sarki ne shekararsu.

Mataki na shida: haɗa shaidun ka nemi masarauta

Yanzu kana da hoto da ƙarfe da nauyi da rubutu. Bari mu bi manyan gidajen da suka fi fitowa.

Zinari mai nauyin kusan gram 8, sarki tsaye da doguwar riga a fuska, a baya mai mashi tsaye gaban bijimi, da haruffan Girkawa, na daular Kushan ne, wadda ta mallaki Afganistan da arewacin Indiya. Vasudeva na ɗaya ya fi shahara da wannan hoto a zinari, Vima Kadphises kuwa a jan ƙarfe. In zinarin kusan wannan nauyin ne amma sarki yana riƙe da baka, ga sanda mai Garuda a ka a gefensa, a baya Lakshmi bisa fure, to daular Gupta ce, galibi Chandragupta na biyu, wajen shekara ta 400. Ɗansa Kumaragupta ya buga mai Kartikeya bisa ɗawisu. Zinarin Kushan da na Gupta ana yawan yin jabunsu, sai an yi hattara sosai.

Ƙaramar azurfa mai gram uku da 'yan kai, bijimi kwance a fuska, mahayin doki da mashi a baya, ta sarakunan Hindu Shahi ce na Kabul da Gandhara, tsakanin ƙarni na 9 da na 10. A saman bijimin za ka ga Shri Samanta Deva ko Shri Spalapati Deva. Amma kada ka yi saurin rufe littafi, domin wannan zane ya karɓu har aka yi ɗaruruwan shekaru ana kwaikwayonsa. Sarakunan Rajput sun buga shi, sarakunan Musulmi na Ghazni da na Delhi ma sun buga, har da Iltutmish wanda ya rasu a 1236. Yadda zanen ya ƙara lalacewa kuma azurfar ta ƙara raguwa, haka kuɗin ya ƙara zama na baya-baya. Azurfa mai mutum da kan aladen daji kuma ta Mihira Bhoja ce, sarkin Kanauj a ƙarni na 9, wanda ya ɗauki laƙabin Adivaraha. Jan ƙarfe mai kauri, mace zaune a fuska ɗaya, sarki tsaye a ɗayar, zanen ya kusa zama layuka kawai, na Kashmir ne, kuma da yawa na Sarauniya Didda ne da ta yi mulki daga 980 zuwa 1003.

Wanda ya fi koya darasi a wurina shi ne zinari mai kusan gram 4, Lakshmi zaune da hannu huɗu, bayansa layuka uku na Nagari manya-manya. Gangeyadeva na gidan Kalachuri ya fara shi a ƙarni na 11, Govindachandra na Kanauj ya ci gaba a ƙarni na 12. Da Muhammad bin Sam na Ghor ya ci arewacin Indiya bayan 1192, bai sauya hoton ba, sunansa kawai ya sa da haruffan Nagari. Dalili a bayyane yake: 'yan kasuwa sun saba da wannan kuɗi, shi suka yarda da shi, sabon sarki kuma yana so a karɓi nasa. Fuskar ɗaya ce a duka ukun. In ba ka karanta bayan ba, ba za ka san na wa ka riƙe ba.

A kudu labarin ya maimaita kansa. Ƙaramin zinari mai kauri, faɗinsa milimita 11 zuwa 13, nauyinsa kusan gram 3.4, shi ake kira pagoda ko varaha, kuma daular Vijayanagara da aka kafa a 1336, mai hedikwata a Hampi, ita ta yaɗa shi. Sarakunanta na farko sun sa Hanuman. Krishnadevaraya, 1509 zuwa 1529, ya sa Krishna yana yaro. Achyutaraya da ya gaje shi ya sa gaggafa mai kai biyu riƙe da giwaye. Shiva da Parvati a zaune kuwa sun ratsa gidaje da yawa, sai bayan kuɗin ya raba gardama. In Nagari ne, karanta sunan: yana iya zama sarkin Vijayanagara, ko Sadashiva na Ikkeri, ko Krishnaraja na Mysore. In kuwa ka ga harafin ح shi kaɗai a cikin ɗige-ɗige, farkon sunan Haidar Ali ne, Musulmin da ya riƙe Mysore daga 1761 zuwa 1782, mahaifin Tipu Sultan. In Vishnu ne tsaye, bayan kuma tauraro ne cikin ɗige-ɗige, wannan na Turawan Ingila ne a Madras, haka ma mai mutum uku a tsaye. Wato kamfanin East India ɗin nan ya taɓa buga kuɗi mai abin bautar Hindu da gaske, amma pagoda ce ta kudu, ba rabin anna mai shekara 1818 ba. Ɗan mitsitsin zinari da bai kai rabin gram ba fanam ne, kuma mai Narasimha asalinsa Mysore ne, zamanin Kanthirava Narasaraja a ƙarni na 17.

Sauran suna da sauƙi. Ƙoƙon katantanwa cikin zoben ganye da rubutun Malayalam Travancore ne. Bijimi kwance a jan ƙarfe da shekarar Vikrama, Indore. Mashi mai baki uku da wuƙa da jinjirin wata, fuska ɗaya Nagari ɗaya Farisanci mai sunan sarkin Ingila, Kutch. Azurfa mai zaki da rubutun Bangal, sau da yawa har da sunan matar sarki, Tripura. Mai kusurwa takwas, Assam. Siririyar azurfa mai faɗi, kusan gram 5 da rabi, mashi mai baki uku a tsakiyar da'ira, takobi a bayanta, rubutu a cikin ɗakuna-ɗakuna kewaye, mohar ce ta Nepal. In ka ga sunan Gorakhnath da Bhavani, ta gidan Shah ce, wanda ya karɓi Kathmandu a 1768.

Indiya ta yau ma tana fitar da kuɗin tunawa, kamar rupi 5 na 2010 na cikar wurin bautar Brihadeeswarar shekara dubu, da rupi 5 da 10 masu hoton Vaishno Devi. Zakunan Ashoka da sunan ƙasar suna jikinsu, ba sa wahalar ganewa.

Mataki na bakwai: bugu ne ko zubi?

Akasarin tsofaffin kuɗin da muka lissafa da guduma aka buga su tsakanin hatimi biyu. Shi ya sa ba su cika zagaye ba, wani ɓangaren rubutu yakan faɗa waje, gefe yakan ɗan tsage, amma layukan da suka fito suna da kaifi. Jabu yawanci zubi ne. Duba da gilashi: ƙananan ramuka da ƙuraje a fili, zane mai laushi kamar ya narke, da siririn layi a gefe inda bakin mazubi biyu suka haɗu, ko alamar an goge shi da zarto. In mai sayarwa yana da guda biyar kuma duk tsagarsu a wuri ɗaya take, daga mazubi ɗaya suka fito.

Don sanin ƙarfen, kada ka bari maƙeri ya kankare ta ko ya ɗiga mata ruwan gwaji. Auna ta a sikeli. Sannan ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikelin, ka mayar da shi sifiri, ka ɗaure kwandalar da siririn zare ka nutsar da ita ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba, ka rubuta abin da ya nuna. Raba nauyin farko da na biyu. Tsantsar zinari yana ba da kusan 19.3, azurfa 10.5, jan ƙarfe 8.9, tagulla wajen 8.5. Tsohon kuɗi gauraye ne, zai ɗan gaza, amma abin da aka ce zinari ne ya ba da 8 da rabi ya tona asirin kansa. Rupin azurfa na zamanin Ingila gram 11.66 ne, na Mughal ya ɗan gaza haka kaɗan.

Mataki na takwas: kwatanta, sannan ka tambaya

Da zarar ka sami zato mai ƙarfi, shiga shafukan masu tara kuɗi na Numista ko Zeno, ko rumbun hotunan gidan tarihi na British Museum a intanet, ka rubuta sunan masarautar da na abin bautar da haruffan boko. Kada ka tsaya a kan cewa sun yi kama. Bi harafi-harafi, duba hannun da ke riƙe da mashi, gefen da bijimi ya fuskanta, da nauyin da aka rubuta. In za ka tambayi masani, tura masa hoton fuska biyu da gefe, da nauyi da faɗi, da abin da kai ka karanta, ko da rabi ne. Akwai cibiya guda a Anjaneri kusa da Nashik a Indiya da ta shahara wajen nazarin tsofaffin kuɗi.

Game da farashi, tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Jan ƙarfen Kashmir da azurfar bijimi da doki sun kai shekara dubu, amma an tono su da yawa har ba su da wani kuɗi mai yawa a kasuwar masu tarawa. Ƙarancin abu da lafiyar jikinsa su ke ɗaga shi. Duba abin da aka riga aka sayar a gwanjo, ba abin da wani ya rubuta yana nema ba. In kuma tafiya ta kai ka Indiya ka yi sha'awar saye, ka sani dokarsu ta 1972 ta hana mutum fita da kayan tarihi da suka wuce shekara ɗari, kuma tsofaffin kuɗi suna ciki. Wadda ke hannunka kuwa, sa ta a ƙaramin ambulan na takarda, ita kaɗai, nesa da danshi da leda mai laushi, ka rubuta a bayan ambulan nauyinta da masarautar da ka gano da sunan wanda ya kawo ta gidan.